Muryar Umma a Ɗakin Katifu

Ranar da Auta ta fara ganinsa, kallo ɗaya ta yi masa ta raina shi. Da ta kalli ɗakin nasa kuwa, har wadda ta yi mata kwatancen wurin sai da ta raina.

Wai situdiyo! Wani ɗan ɗaki ne a bayan shagon wanki da guga, an jingina tsofaffin katifu uku a jikin bango, silin kuma an lulluɓe shi da kiret ɗin ƙwai. Kwamfutar da ke kan tebur an ɗora ta bisa murafen kwalba huɗu don ta sha iska. Saboda katifun nan duk layin ba mai kiransa da wani suna sai Mai Katifa, shi kuma yana amsawa, ko a jikinsa.

"Sannu da zuwa, Malama," ya ce yana cire abin ji daga kunnensa. "Ki lura da wayar nan ta ƙasa."

Auta ta tsallake wayar tana tattare bakin mayafinta kamar mai tsallake kwata. Malamar firamare ce, ta saba yara talatin su miƙe in ta shigo, ba ta saba a nuna mata inda za ta taka ba.

Ta buɗe jaka ta fito da wani kaset naɗe cikin hankici. Muryar mahaifiyarta ce a ciki. Umma ta rasu Auta tana da shekara uku, kuma abin da ya rage na muryarta a duniya shi ne waƙar da Baba ya taɓa ɗauka da rakodarsa wata rana a tsakar gida. Yayyen Auta duk suna tuna yadda Umma take magana, ita kaɗai ce ba ta tuna komai. Tun ranar da rakoda ta fara cin zaren kaset ɗin, kusan shekara ashirin ke nan, Baba bai sake yarda an kunna shi ba. Yau ma ɗauko shi ta yi ba da saninsa ba.

"So nake a juye min shi a waya," ta ce. "Yanzu."

Mai Katifa ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga shi saitin taga ya daɗe yana dubawa.

"Ba zan kunna shi yau ba."

"Saboda me?"

"Ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren ya faɗi, zaren kuma ya manne da juna. In aka sa shi a inji haka, sau ɗaya zai zagaya, shi ma in an yi sa'a. Sai an kwance shi an canza masa gida, wato a mayar da zaren cikin sabon kwanso, a juya shi a hankali da biro har ya saki. Ki ba ni mako guda."

"Da biro," ta maimaita. Ta kalli kwamfutar da ke nishi bisa murafen kwalba. "Wace manhaja ma kake aiki da ita?"

"Ta kyauta ce."

Dariya ta kubce mata, irin wadda ba ta da daɗin ji. Ta zare kaset ɗinta daga hannunsa ta naɗe.

"Muryar uwata zan bar wa biro da kayan kyauta? Allah ya ba da kasuwa."

"Amin," ya ce, ko haushi bai ji ba. "Amma don Allah, duk inda za ki kai shi, a fara canza masa gida."

Ta yi tsaki ta fita. A hanya ta yi ta jin haushin kanta, don ta lura yatsunsa dogaye ne masu tsabta, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta lura ba.

Da yamman nan Baba ya gane an taɓa kaset. Bai yi dogon faɗa ba, ya dai ɗauke shi ya kai shagonsa ya kulle a akwatin ƙarfe, ya rataya makullin a wuyansa.

Wata biyu bayan haka shugabar makaranta ta ce kowane aji ya shirya waƙar ƙarshen zango a ɗauka. Auta ta zagaya manyan situdiyo biyu, ta ji farashi, ta dawo jiki a sanyaye. Haka ta sake tsallake wayar nan ta ƙasa, tana rungume da tsohuwar kwamfutarta.

"Ba aiki na kawo maka ba," ta riga shi. "Manhaja za ka zaɓar min in yi da kaina. Mai kyau nake so, irin mai maɓallai da yawa masu launi."

"Me za ki ɗauka?"

"Yara talatin da tafi."

"To ba kya buƙatar maɓalli dubu." Ya ja mata kujera. "Kin ga, akwai wadda masu ita suka ce kowa ya ɗauka, halak malak. Akwai mai araha, ki biya sau ɗaya su aiko miki da lambar lasisi. Akwai ta manyan kamfanoni, kuɗinta ya sayi babur, kuma ko an ba ki ita wannan kwamfutar taki suma za ta yi. Sai wadda aka fasa, ita ce samari ke yawo da ita a filashi."

"Ita wannan fa? Ai ita ma kyauta ce."

"Ta sata ce. Tana yi miki aiki har ranar da kika fi buƙatarta."

Ta taɓe baki, amma ta kyautar ta zaɓa, don ita kaɗai kwamfutarta ta iya ɗauka ba tare da ta sandare ba.

Mako uku tana zuwa bayan an tashi makaranta. Ya koya mata yanke tari da ƙarar kujera, da yadda ake rage yaron nan guda da kullum yake rufe muryar sauran. Abu ɗaya ne ya ishe ta da shi. Duk lokacin da aka gama ɗaukar sauti, kafin a taɓa komai, sai ya sa ta rufe manhajar, ta shiga foldar aikin, ta nemo ɗanyen sautin ta kwafe shi wuri biyu.

"Kai wai ba ka gajiya?" ta ce ran nan. "Ga shi nan a cikin manhaja ina gani."

"Manhaja tebur ce kawai, Malama. Shi sautin yana can a folda, kuma kowace manhaja tana iya buɗe shi. Kwafe."

"Ka cika naci kamar tsohuwa."

"Na gode. Kwafe dai."

Ba ta san ranar da ta daina tattare mayafi in za ta shiga ba. Ta dai wayi gari tana duba waya tun kafin ta shiga aji.

"Barka da safiya, Sarauniyar Tsaki. Jiya sau bakwai kika yi, na ƙirga. Ɗaya ya shiga makirfo, na ajiye shi wuri biyu."

Ta rubuta: "Ka goge shi ko in zo in kwashe katifun nan in kai bola."

"Ki zo ɗin. Ko don kwasar katifa ne, ni dai in gan ki."

Ta kifa wayar a kan rajistar aji tana murmushi, har wata yarinya a layin gaba ta tambaye ta ko an yi mata albishir ne.

Da magana ta yi nisa, Mai Katifa ya sa rigarsa mafi kyau ya je gaida Baba a shago. Baba mai sayar da kayan gini ne, shekara talatin yana cikin kwaɗo da ƙusa da fenti, kuma abu biyu ya tsana a duniya, jabun kaya da kayan da ba su da rasit. Ya bar saurayin a durƙushe har ya gama auna wa wani ƙusa.

"Aka ce kiɗa kake haɗawa a kwamfuta."

"E, Baba. Da tallace-tallace, da gyaran sauti."

"Shi abin da kake aikin da shi, nawa ka saya?"

"Kyauta ne, Baba. Masu shi ne suka..."

"Ina rasit?"

"Ba a ba da rasit, tunda..."

Baba ya ɗaga hannu. Ya kalle shi daga hula har takalmi, ya koma kan sikelinsa.

"Yaro, ni a sanina ba a ba mutum abu kyauta sai in mai shi ya gaji da shi. Wanda ya kasa sayen kayan aikinsa, da me zai riƙe min 'ya? Ka gaida gida."

A gida kuwa Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta karɓi zancen ta yi ta juya shi. Tun rasuwar Umma take ganin ita ce uwar gidan, kuma ta daɗe da tanadin ɗan ƙawarta.

"Ɗakin katifa!" ta ce tana tafa hannu. "Ashe ke da kayan ɗaki ma an hutar da mu, ya riga ya tara. Ke ko kunya ba kya ji? Ga yaro ɗan gidan mutunci, situdiyonsa hawa na biyu, bangon gilashi, sanyi kamar cikin firji. Abin da yake aiki da shi, ya faɗa min da bakinsa, ko a ƙasashen waje sai wane da wane."

Shi ne Mai Gilashi. Ya fara zuwa gidan da mota da turare mai hawa kai, yana zama ya ɗora makullin motar inda kowa zai gani. Zancensa ɗaya ne, kuɗin lasifikarsa da kuɗin makirfonsa. Da Gwaggo ta tsegunta masa labarin kaset, sai ya buga ƙirji.

"Wannan ai aikin minti goma ne, Baba. Ku kawo shi ranar Asabar. In ba ku ji ta kamar tana zaune a gabanku ba, ku canza min suna."

Baba ya shafa makullin da ke wuyansa, ya ce to.

Auta ta shiga ɗaki ta sanar da Mai Katifa ta waya. Amsarsa ba ta ɗau minti ɗaya ba.

"Sarauniya, ki roƙi Baba kada a sa kaset ɗin nan a inji sai an canza masa gida. Ko ba ni ba, ko wa zai yi, a fara yin wannan."

Ta kai wa Baba maganar, Gwaggo ta cafe tun kafin ta rufe baki. "Kishi ne! Mai biro zai koya wa mai inji aiki?" Baba ya ce kada a sake kawo masa zancen yaron nan.

Auta ta koma ɗaki ranta a jagule. Shekara ashirin tana jiran ta ji muryar nan, ga shi an ce saura kwana huɗu, shi kuma yana ce mata a dakata. Haushin Baba da na Gwaggo duk ta juye a kansa.

"Kai fa ba ka taɓa ko taɓa irin injinsa ba. Kada kishi ya sa ka hana ni jin uwata. Ba komai ake yi da kayan kyauta ba."

Tana turawa ta yi da-na-sani. Ta ga alamar ya karanta. Sai can ya rubuto:

"To. Allah ya sa a dace."

Daga nan shiru. Ba barka da safiya, ba Sarauniyar Tsaki. Ta rubuta saƙo ya fi goma tana gogewa, girman kai ya hana ta tura ko ɗaya.

Ranar Asabar da hantsi suka hau bene su uku. Gaskiya wurin ya ƙawatu, kujerun fata, fitilu shuɗaye, lasifika kowace ta kai tsayin yaro. Gwaggo sai juyi take tana kallon Auta, wai ta gani da idonta. Mai Gilashi ya zaunar da su a falo ya ce ba a shiga ɗakin aiki, sai dai su kalla ta gilashi.

Baba ya ciro kaset da kansa ya miƙa. Mai Gilashi ya karɓa da yatsa biyu, ko duba shi bai yi ba ya cusa a inji ya danna. Abin jin ma a wuya ya rataye shi. Ya juya wa injin baya, ya ɗaga waya yana ɗaukar kansa hoto, ya gyara hula ya sake ɗauka. Da hoton ya yi masa, sai ya tura shi kwamfuta, ya jona ta da intanet don ya ɗora wa mabiyansa su ga yana ceto tsohon tarihi.

Ta cikin gilashi Auta take kallon kaset ɗin yana juyawa, tana ƙirga numfashinta. Ya yi kusan minti shida lafiya. Sai ta ga gefe ɗaya ya tsaya, ɗayan yana ci gaba.

"Zaren!" Ta miƙe tana buga gilashin. "Yana cin zaren!"

Ɗakin ba ya shigar da sauti, abin da aka kashe kuɗi a kansa ke nan. Kafin Mai Gilashi ya waiwayo, injin ya tauna abin da zai tauna. Ya danna maɓalli ya fizgo kaset ɗin, zaren ya biyo shi a cukurkuɗe, ya tsinke gida uku.

Baba ya tura ƙofar ya shiga ba tare da an ba shi izini ba. Ya tsaya yana kallon zaren a ƙasa.

"Kada ku damu, Baba, ai ya riga ya shiga kwamfuta," Mai Gilashi ya ce yana share goshi duk da sanyin ɗakin. "Yanzu za ku ji."

Ya juya ga allon. Manhajar mai tsadar nan ta rufe kanta, wani jan rubutu ya fito. Ya danna, ya sake dannawa, rubutun yana nan.

"Me aka rubuta?" in ji Baba.

"Ƙaramar matsala ce ta intanet."

Auta ta matso ta karanta, ta fassara wa Baba kalma bayan kalma da muryar da take karanta wa 'yan aji sakamakon jarrabawa. An ce wannan kwafin ba shi da lasisi, kamfanin ya gano shi, an toshe shi.

Baba ya juyo a hankali.

"Ita wannan da ka ce kuɗinta ya sayi babur, ina rasit ɗinta?"

"Baba, ai kowa haka yake yi. Wani abokina ne ya sa min a..."

"Ina rasit?"

Mai Gilashi ya fara kame-kame. Ya jawo aljihun tebur ya zaro wani filashi. "Ba wani abu ba ne, ta saba yin haka. Goge kwamfutar nake yi gaba ɗaya in sake zuba wata, minti talatin an gama."

"Abin da aka ɗauka fa?" Auta ta tambaya.

"Sai a sake ɗau..." Idonsa ya sauka kan zaren da ke ƙasa.

"Ɗaga hannunka daga kan kwamfutar nan," ta ce.

Ta ciro waya. Kwana huɗu ba su yi magana ba, kuma ita ce mai laifi, amma ba lokacin jan aji ba ne.

"Zaren ya tsinke. Manhajarsa ta sata ce, ta kulle. Yana so ya goge komai. Ka yafe min."

Ko rufe wayar ba ta yi ba amsa ta shigo, kamar dama yana riƙe da ita.

"Kada ki bari ya goge. Kin san abin yi, Sarauniya, sau ashirin kin yi shi kina tsaki. Folda. Ranar yau. Fayil mafi nauyi."

Auta ta ja kujerar fatar ta zauna. Ta bar jan rubutun nan yana ta jan ido, ta shiga inda ake ajiye ayyuka. Foldoji sun fi ɗari, duk ba suna sai lambobi, don mai wurin bai taɓa leƙa su ba. Ta jera su bisa kwanan wata, ta buɗe ta yau, ta buɗe ta cikinta. Ga shi nan, fayil guda, minti shida da daƙiƙa goma sha ɗaya.

Ta ciro filashin da take ajiye waƙar 'yan ajinta ta kwafe. Ta jona wayarta ta sake kwafewa.

"Me kike yi haka?" Mai Gilashi ya ce. "Ai ba zai buɗu ba sai da manhajata."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Baba ya durƙusa ya tattara zaren a hankicinsa, ya miƙe.

"Shekara talatin ban taɓa barin kayan sata sun kwana a shagona ba," ya ce. "Yau da ƙafata na kawo matata gidan ɓarawo." Ya dubi Auta. "Ina ɗakin yaron nan yake?"

Gwaggo ta buɗe baki, ya ce mata ta hau mota ta tafi gida. Ba ta tafi ba, biyo su ta yi a baya tana ƙunƙuni, don ba za a yi abu ba ta gani ba.

Sun tarar da Mai Katifa a bakin ƙofa, ya share ɗakin har ya aro kujera daga shagon guga. Ya durƙusa ya gaida Baba kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Baba ya tsallake wayar ƙasa, ya kalli kiret ɗin ƙwai, ya kalli murafen kwalba, ya zauna a kujerar.

Mai Katifa ya karɓi filashin. Kafin ya buɗe komai sai da ya kwafe wuri biyu, wannan karon Auta ba ta yi tsaki ba. Ya buɗe fayil ɗin a manhajarsa ta kyauta, ya rage shuuu ɗin tsufa kaɗan, ya tsaya.

"Ba zan goge duka ba, Baba. In na matsa, zan ci muryar. Malama, ke za ki danna."

Ta danna.

Da farko ƙarar tabarya aka ji can nesa, da kukan kaza. Sai wata murya siririya, mai ɗan kaushi a ƙarshe, ta cika ɗakin:

"Tukunya na kan wuta, Auta na kan cinya, mai jira ya yi ta jira..."

Auta ta dafe bakinta. Ta sha zaton in ta ji muryar za ta tuna da ita. Ba ta tuna ba. Abin da ta ji shi ne muryarta ita kanta, irin yadda take jan ƙarshen baiti in tana koya wa yara waƙa, ashe gado ta yi ba ta sani ba. Hawaye ya zubo mata ta bar shi.

Ana cikin baiti na uku waƙar ta tsaya, aka ji dariya.

"Auta, saki ɗankunnena! Ka ga 'yar nan ko?"

Sai muryar wani matashin magidanci, kusa da rakoda: "Ki yi sauri ki ƙarasa, batirin nan da tsada na saye shi."

"Kai dai komai sai ka sa masa farashi," in ji Umma, da wani raini mai daɗi a muryarta. "Ni da nake maka waƙar kyauta, ka taɓa ba ni rasit?"

Ta koma waƙarta, ta yi baiti biyu, sautin ya yi rawa ya yanke a inda injin ya ci zaren.

Gwaggo ce ta fara jan hanci a bakin ƙofa, tana cewa wallahi haka take, haka take yi masa. Baba kuwa ya sauka daga kujerar aro ya zauna a ƙasa, ya jingina bayansa da ɗaya daga cikin katifun nan da ya sha yi wa gori, ya rufe fuska da hankicin zaren. Ya manta sam da wannan maganar. Shekara da shekaru yana tuna waƙar, bai tuna an yi masa tsiya a tsakiyarta ba.

"Sake sa min wurin," ya ce.

Sau huɗu aka maimaita masa. A na huɗun dariya ya yi, hawaye yana bin gemunsa.

Da ya natsu ya dubi Mai Katifa. "Su masu abin nan, da gaske ba sa karɓar komai?"

"Da yardarsu suka bayar, Baba. Amma wanda ya ji daɗi yana iya aika musu gudummawa."

"Suna ba da rasit?"

"Suna turo takardar godiya."

"To a aika, a bugo min takardar." Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Kai kuma ka turo manyanka."

Da yamma saƙo ya shigo wayar Auta.

"Sarauniyar Tsaki, yau ko ɗaya ba ki yi ba. Lafiya kuwa?"

"Na ajiye su wuri biyu, sai na zo gidanka. Ka yafe min abin da na rubuta, Mai Katifata."

"Na goge shi tun ranar. Shi kaɗai ne abin da ban kwafe ba."

Wata uku bayan haka aka ɗaura aure. Mai Gilashi bai zo ba, an ce yana can yana goge kwamfuta. Gwaggo kuwa ita ce a gaba-gaba, tana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ita tun farko ta ga yaron yana da natsuwa.

A wurin taron aka sa waƙar. Amarya da ango sun yi mako biyu a ɗakin katifu suna aikinta, inda zaren ya yanke Auta ta ɗora da muryarta ta ƙarasa baitin, har yayyenta suka kasa nuna inda uwar ta tsaya 'yar ta karɓa. Ango ya so a cire maganar batir don kada a kunyata surukinsa a gaban jama'a, Baba ya ce duk wanda ya taɓa wurin nan bai yafe ba.

Haka jama'a suka ji Umma tana tambayar rasit, aka kwashe da dariya, Baba yana tsakiya yana gyaɗa kai. Takardar godiyar kuwa tana can ya sa an yi mata firam, an rataye ta a jikin katifar tsakiya.

Da za a tafi da amarya Baba ya kama hannunta ya sa a na mijinta.

"Ga ta nan. Uwarta ta yi min waƙa ban biya ba, kai ma ka dawo min da muryarta ba ka karɓi komai ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin magana. Allah ya jiƙan wadda ba ta ga wannan rana ba."

Aka amsa da amin. Auta ta sunkuyar da kai tana kuka, a tafin hannunta na hagu kuma tana damƙe da filashin.